Baƙo mai ido ɗaya

Duk wanda ya so ya san abin da al'umma ta ɗauka da muhimmanci, to ya dubi inda kalmominta suka yi yawa. Bahaushe bai tsaya ga kalmar wanki kaɗai ba. Akwai jiƙo, akwai cuɗa, akwai ɗauraya da matsa da shanya. Bayan su ga sanya bula domin fari ya ƙara haske, ga sitati domin tufa ta tsaya, ga guga, ga bugu, ga ninki. Kowace kalma aiki ce mai lokacinta da ƙa'idarta, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da aka koya mana a lakwal. A tsakar gida muka gan su, a hannun iyayenmu mata da yayyenmu, kuma a can muka san cewa ba a haɗa farar riga da sabuwar atamfa cikin ruwa guda, ba a shanya shadda da tsakar rana, ba a kuma zubar da ruwan ɗauraya sai ya yi aiki biyu ko uku.

Yau ga wani baƙo ya shigo wannan fage, wato injin wanki mai ƙofar gilashi a gaba. A Turai da Amurka tsoho ne, domin tun 1937 kamfanin Bendix ya fitar da irinsa a Amurka. A nan Dakoro kuwa, fiye da kilomita 100 arewa da Maraɗi, har yanzu gidajen da ke da shi ba su da yawa: ma'aikata, ƴan kasuwa, da waɗanda suka dawo daga cin rani a ƙasashen Larabawa da ɗan abin hannunsu. Nawa na hannu ne, a Maraɗi na saye shi da kuɗin adashe. Dalilina ba ɓoyayye ba ne ga duk malamar da ta san abin da ake nufi da ɗaukar azuzuwa biyar, kowane ya cika ya tumbatsa, ta dawo gida da tarin takardun gyara, ga kayan yara sun yi tsibi suna jiran Lahadi. Hans Rosling, likitan nan ɗan ƙasar Suwidin, ya faɗa cikin wata lacca a 2010 cewa a cikin mutum biliyan 7 na duniyar lokacin, kamar biliyan 2 kaɗai ke samun injin wanki, ya kuma ba da labarin yadda mahaifiyarsa ta sami sukunin kai shi ɗakin karatu bayan injin ya shigo gidansu. Na yarda da shi ƙwarai. Littattafan da na karanta cikin shekarun nan, da yawansu a lokacin da a da nake duƙe gaban baho na karanta su.

Sai dai Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da idonsa, balle wannan da ido ɗaya gare shi. An ƙera shi ne domin gidan da wuta ba ta yankewa, ruwa na zuwa da ƙarfi dare da rana, mai aiki da shi kuma yana karanta littafin da ya zo da shi. A cikin ukun nan babu wanda za a rantse a kansa a garinmu.

Na ƙarshen ya fi damuna, wataƙila saboda sana'ata. Littafin injina yana da Faransanci da Ingilishi da Larabci da wasu harsunan Turai, babu Hausa. Ni ina karanta Faransanci, ina ma koyar da shi. Amma da ƙarfe tara na safe ina aji. Wadda ke tsaye gaban injin ƴar ƙanwata ce da ta bar lakwal tun firamare, ko surukata wadda karatunta na allo ne da ajami. Gargaɗin da zai hana mutum mutuwa yana nan a rubuce, shafi uku cur, cikin harshen da wadda ke cikin haɗarin ba ta ji. Tun 1973 aka buɗe makarantun gwaji na koyarwa cikin harsunan gida a ƙasar nan, aka fara da Damagaram. A 1999 aka tsai da ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar. A 2025 kuma kundin da ya maye gurbin tsarin mulki ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Mu malamai da ƴan ƙungiyoyin raya al'adu mun yi murna, kuma da haƙƙinmu. Amma yawancin ƙoƙarinmu yana tafiya ga tatsuniya da karin magana da wasan kwaikwayo, alhali kayan da ke shigowa gidajenmu suna magana da iyalanmu cikin harshen waje kan abin da ya shafi ransu.

Saboda haka na zauna na fassara shafukan a kan kwali, na manna a bango. Wasu kalmomin ba su ba ni wuya ba. Tambour ganga ce, kuma kowa ya leƙa ciki ya ga ganga. Rinçage ɗauraya ce, essorage matsa ce, prélavage kuma ba wani abu ba ne illa jiƙon da muka sani. Hublot, wadda asalinta tagar jirgin ruwa ce, yara suka riga ni raɗa mata suna, suka ce ido. Inda na daɗe ina juya alƙalami shi ne mise à la terre. In na rubuta "sanyawa a ƙasa", surukata za ta ce ai ga shi nan a ƙasa, ba a kan tebur yake ba. Dole sai da na yi jimla: hanyar da wutar da ta ɓalle za ta bi ta shige ƙasa, domin kada ta bi ta jikin mutum.

A kan wannan nake so in daɗe, domin shi ne mai kisa. Injin wanki akwatin ƙarfe ne da ruwa da wutar bolt 220 ke zaune a cikinsa tare. Idan waya ta goge ko abin dumama ruwa ya tsage, wutar takan hau jikin ƙarfen. A gidan da aka ja waya ta uku zuwa sandar tagulla da aka kafa cikin ƙasa, aka kuma sa abin da masu gyaran wuta ke kira disjoncteur différentiel na miliampe 30, wutar za ta yanke kanta kafin ƙiftawar ido. Gidajenmu da yawa kuwa waya biyu aka ja musu, domin wanda ya ja yana tunanin ƙwan fitila da fanka ne. Ramin waya ta uku yana nan a piriz ɗin bango, amma bayansa babu kome. Ko an kafa sandar ma, ƙasar Dakoro rairayi ce busasshiya, kuma busasshen rairayi ba ya ɗaukar wuta sosai. Sai an zurfafa sandar, an zaɓi inda danshi ke zama, a kuma sa mai sana'a ya auna da na'ura, ba da ido ba. Abin da ya fi tsorata ni shi ne sabonmu. Mun saba da firji mai "ɗan ja", mun saba da dutsen guga mai "ɗan tsunkuli", har muna dariya. Wannan ɗan ja ɗin shi ne gargaɗin. Wanda ya ji shi da busasshen hannu da takalmin roba, gobe wata yarinya za ta same shi ƙafa ba takalmi, a kan jiƙaƙƙen siminti, hannunta sharkaf da ruwa. Injin da ya fara ja, a zare shi daga wuta a rufe ɗakin sai mai gyara ya zo.

Haka nan doguwar wayar nan mai baki huɗu ko biyar da ake sayarwa a kasuwa ba ta dace da shi ba. Abin dumama ruwan kaɗai yana shan kusan wat 2000, siririyar waya kuwa sai ta yi zafi ta narke. Sa'armu ita ce ba mu cika buƙatar dumamawar ba. Daga watan Maris zuwa Yuni ruwan da ya wuni cikin tanki ko bido ya riga ya yi ɗumin da yawancin tufafi ke so, kuma dumama ruwa shi ne ke cin mafi yawan wutar da injin ke sha. Wanda ya murɗa shi zuwa sanyi ya rage kuɗin wuta, ya kuma rage haɗari. Hawa da saukar ƙarfin wuta kuwa yana ƙona katin da ke zaman ƙwaƙwalwar injin, wanda sau da yawa kuɗinsa kan kusa kai rabin kuɗin injin na hannu, shi ya sa ake sa masa na'urar daidaita wuta, a kuma zare shi da zarar an gama.

Daga watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa Maris na 2024 da ta dawo da ita, mutanen ƙasar nan sun ƙara sanin zama da yankewar wuta. Masu injin wanki sun koyi wani darasi na daban: wuta kan tafi kaya na ciki, ƙofa a kulle. Makullin ba taurin kai ba ne. Gangar tana juyawa sau 1000 ko fiye cikin minti ɗaya a lokacin matsa, hannun da ya shiga kuwa ba zai fito daidai ba. Wasu injunan sukan saki ƙofar da kansu bayan minti biyu ko uku. Wasu sai wuta ta dawo, ko a ja wata ƴar igiya da ke ɓoye a ƙasa kusa da matacin famfonsa. Kafin a ja ta sai an zare wuta an tsiyaye ruwan cikin faranti ta ƴar ƙofar da ke ƙasa. Wanda ya sa wuƙa ko ƙarfi ya karya hannun ƙofar, kuma samun irinsa sai an aika Maraɗi ko Kano, in ma an dace.

Sai maganar yara. Ƙofar wannan injin daidai take da tsayin ɗan shekara uku, zagayayya ce, tana ƙyalli, cikinta kuma ya ishi yaro ya naɗe. Duk wanda ya ga yadda yaranmu ke wasan ɓuya cikin rumbu da randa da bayan tabarma ya san inda hankalinsu zai je. Ƙofar ba ta buɗuwa daga ciki. A nan littafin ya sa ni cikin tsaka mai wuya, domin a wani shafi ya ce a bar ƙofar a buɗe bayan wanki don kada robar bakinta ta yi funfuna ta yi wari, a wani shafin kuma ya ce a kiyaye yara. Wanda ya rubuta shi yana zaune a ƙasar danshi. Mu kuwa, ban da watannin damina, iskarmu tana busar da zane kafin a gama shanya na biyu. Abin da na rubuta a kwalina shi ne a goge robar da tsumma, a bar ƙofar a buɗe sa'a guda babba na kusa, sa'an nan a rufe. A kuma leƙa cikin gangar kafin a zuba kaya, kowane lokaci, ko da ana sauri; kyanwa da ƴan tsaki ma suna son wurin. Ruwan jabel da garin sabulu a ɗora su sama, kada kuma a juye jabel cikin kwalbar lemo kamar yadda ake yi a shaguna, domin yaro mai ƙishirwa ba ya tambaya.

Ruwa shi ne inda raina bai gama kwanciya ba. Injin irin wannan yana shan kamar lita 50 a wanki ɗaya, wato bido biyu manya, ƙasa da abin da mai ƙofa a sama ke sha nesa ba kusa ba. Amma yana so ruwan ya zo masa da ƙarfi. Da yawansu suna buƙatar aƙalla abin da ya yi daidai da tanki mai tsayin mita 5 bisa kan injin. Tankin da aka ɗora a kan bulo huɗu ba zai cika shi ba, sai ya yi ta jira har ya nuna alamar kuskure. A unguwannin da famfo ba ya kawo ruwa da ƙarfi sai dare ya raba, wanki ya koma aikin asuba. Ga kuma yashi da ke biyo bututu ya toshe ƴar rariyar da ke bakin tiyo, wadda ke son a cire a wanke lokaci lokaci. Waɗannan duk ana iya shawo kansu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne injin bai san darajar ruwa ba. Cikin azuzuwana akwai ƴaƴan makiyaya daga wajen kwarin Tarka da Bermo, inda rijiya kan kai zurfin mita 50 ko fiye, sai an ɗaura igiya ga jaki ko sa ko raƙumi ya ja wasaki. Uwa a can da ruwa guda take wanke farare, ta bi da masu launi, ta bi da tsummoki, abin da ya rage ta kwantar da ƙurar tsakar gida. Injin kuwa kowane ruwa sau ɗaya yake taɓa shi ya tofar. Abin da na iya yi shi ne na sa tiyon fitar ruwa cikin babban baho. Ruwan farko mai datti da sabulu ya tafi wankin makewayi, na ɗaurayar ƙarshe kuma ya tafi ga gindin dogon yaro da shara. Barinsa ya malala ya kwanta a lungu kuwa gayyatar sauro ce, kuma mun san abin da zazzaɓi ke yi wa yaranmu daga Agusta zuwa Oktoba.

Game da sabulu, gardama ɗaya ce, ta kumfa. Mun tashi da imanin cewa wankin da bai yi kumfa ba bai fita ba. Wannan injin kuwa da faɗuwa yake wanki: gangar ta ɗaga tufa ta sake ta, kamar yadda ake buga zane a kan dutse. Kumfa mai yawa sai ta zama katifa, tufar ta faɗo a kan laushi, dattin ya zauna, kumfar kuma ta biyo aljihun sabulu ta zubo ƙasa kusa da waya. Garin wankin hannu da muke kira omo, kowane kamfani ya yi shi, domin kumfa aka haɗa shi. Akwai wanda aka yi domin inji, in kuma ba a samu ba sai a rage na hannun ƙwarai. Na fi wata uku ina wannan bayani a gidana kafin a daina ƙara ludayi a bayan idona.

A tufafin kanti akwai ɗan ƙyalle da ake ɗinkawa a wuya ko a gefe, mai alamomi biyar: baho, kusurwa uku, kusurwa huɗu, dutsen guga da da'ira. Wata ƙungiya mai suna GINETEX, da aka kafa a Paris a 1963, ita ke riƙe da su, kuma ina ganin ya kamata a koya wa ɗalibai karanta su kamar yadda ake koya musu alamomin hanya. Amma telan Dakoro ba ya ɗinka irin wannan ƙyalle, kuma tufafinmu masu daraja duk daga hannunsa suke fitowa. A nan ilimin tsakar gida ya fi na littafi. Shadda, ko ta Getzner ce da ake saƙawa a Bludenz ta ƙasar Ostiriya ko rinin Bamako, ƙyallinta a fuskar zaren yake. Juyi da matsa mai ƙarfi suna karya ta, su bar mata fararen layuka da guga ba ta gogewa. Babbar riga mai aikin hannu, zarenta kan tsinke ko ya zuba a kan farin. Hular saƙi takan fito ta rasa siffarta. Turkuɗin da ake yi a Kura, kudu da Kano, wanda maƙwabtanmu Abzinawa ke naɗawa, da bugu aka shigar masa da shuni har yake walƙiya, kuma masu shi ba su kusantar da shi ga ruwa balle inji. Sangen sauro mai magani an yi shi ne ya jure wanki kamar 20 na hannu, a hankali, babu jabel, a shanya a inuwa. Kayan ɗan kabu-kabu ko mai sayar da fetur a kwalba, waɗanda mai ya jiƙa, ba su shiga inji sam, domin tururin fetur da tartsatsin wuta ba su zama akwati guda. Haka kayan wanda ya yi feshin maganin ƙwari a gona, daban ake wanke su. Littafin bai san ƙarangiya ba, amma ni na san ta, domin bayan damina ita ke cika matacin injina tare da dala biyar-biyar da allurar ɗaure hijabi. Kakkaɓe tufa da lalube aljihu kafin a zuba ya fi kiran mai gyara sauƙi.

Wata tambaya da matan unguwa suka yi mini, wadda babu injiniyan da ya hango ta, ita ce ta tsarki: tufar da najasa ta taɓa, in ta shiga inji tare da sauran kaya, ana salla da ita? Abin da muka karanta a Ahalari da Ishmawi shi ne najasa da tsarkakken ruwa take gushewa, wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai jirkita ba. Injin yana ɗauraya da sabon ruwa sau biyu ko uku, amma mai sa turaren laushin tufa ya sani cewa cikin ruwan ƙarshe yake sauka. Hukunci na malamai ne. A gidana dai wanɗunan jarirai da duk abin da najasa ta taɓa sai an wanke wurin da ruwa zalla kafin su ga idon injin, kuma wannan ya kashe gardamar, ya kuma fi tsafta.

Akwai wani dattijo mai wanki da guga da ya yi shekaru yana zuwa gidanmu kowace Asabar, da ƙunshinsa a bayan keke. Ranar da ya ga injin ya tsaya ya dube shi da kyau, ya ce, "Madam, wannan shi ne ya gaje ni?" Na ce, "Haba Baba, ai shi bai iya guga ba." Ya yi murmushi, amma ni da shi mun san lissafin. Kayan yara da zannuwan gado da tufafin lakwal, waɗanda su ne yawan ƙunshin kuma su ne kuɗin cefanensa na mako, sun bar hannunsa. Abin da ya rage masa shi ne shaddar maigida da manyan riguna da kayan salla, masu wuyar aiki, waɗanda ba su zuwa kowane mako. Na ƙara masa kuɗin kowace riga, ya karɓa bai ce kome ba. Yanzu sau biyu yake zuwa a wata, kuma a bara ya gaya mini cewa ɗansa da yake koya wa sana'ar ya tafi Agadas neman aiki.